Rasit ɗin Akuya: Nazarin Rigimar Barkwancin NFT a Wani Ƙauyen Gumel

Ƙauyen yana arewa da Gumel, kusa da hanyar da motocin shanu ke bi zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Na sakaya sunansa da na mutanen da abin ya shafa, tunda sun riga sun sasanta, kuma sahu ɗaya suke bi a masallaci. Gero da riɗi da zoɓo ake nomawa a wurin. Wutar gwamnati sai dai a ga turakunta, don haka kusan duk wayoyin garin a shago ɗaya suke shan caji, shago mai farantan sola a kan rufi da ƙaramin janareto na ko-ta-kwana. A nan ne kuma ake tura wa mutane kallo da sauti a memori, daga wata tsohuwar kwamfuta da ke maƙare da fina-finan Indiya na da, da na Hausa na zamanin bidiyo, da waƙoƙin makaɗan gargajiya da aka kwafo daga kaset-kaset.

Samari huɗu ne a cikin lamarin. Akwai mai shagon cajin. Akwai wani tela mai baiwar kwaikwayon murya, wanda in ya ji mutum sau ɗaya ya ɗauke shi ke nan. Akwai ɗan acaɓa da ko gaisuwa ya yi sai an dara, sai kuma ɗalibin kwalejin ilimi da ke zuwa gida hutu. Na biyar, wanda ya shigo daga baya kuma shi ya jawo ƙurar, wan mai shagon ne, yana sayar da wayoyi na hannu a Kano.

A daminar 2024 duk saurayin da ke da babbar waya a garin ya faɗa wa dannan Hamster Kombat a Telegram, wani wasan waya da ake danna allo ana tara maki da fatan za su zama kuɗin intanet, wato kirifto. Ana tsaka da maimai, yaro zai jingine garma ya laɓe a gindin gawo yana danna waya, wai mainin yake, wato haƙo kuɗin intanet. Ranar 26 ga Satumba aka fitar da kuɗin wasan, aka wayi gari da yawansu abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Wata guda aka yi ana tsokanar juna da shi a bakin shagon caji. Cikin wannan hira ce ɗalibin ya ce ai nasu mai sauƙi ne, akwai waɗanda suka zuba miliyoyin daloli a kan hoton biri.

Bayanin da ya yi musu daidai ne, kuma sai an riƙe shi za a fahimci abin da ya biyo baya. Akwai wani kundin lissafi a intanet da ake kira bulokcen, kwafinsa na kan dubban kwamfutoci, abin da aka rubuta a ciki ba ya goguwa. Mutum zai biya lada a rubuta cewa lamba kaza tana nuni da hoto kaza, kuma tana hannun walet kaza, wato asusun da mutum ke ajiye irin wannan kaya a intanet. Wannan rubutun shi ne NFT. Hoton kansa yawanci ba ya cikin kundin, adireshinsa kawai ake liƙawa, kuma kowa na iya sauke shi a wayarsa kyauta. Ya ba su labarin Beeple, Ba'amurken da kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da aikinsa a kan dala miliyan 69 a Maris 2021, da hotunan birai 10,000 na Bored Ape da suka fito a Afrilun wannan shekarar, da saƙon farko a Twitter na Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa dandalin, da aka saya kusan dala miliyan 2.9. Da wanda ya sayi saƙon ya mayar da shi kasuwa a Afrilu 2022 yana neman miliyan 48, tayin da ya fi tsoka a lokacin rufe gwanjon bai kai dala 300 ba.

Ɗan acaɓa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Tsaya, malam. Wato in sayar maka da rasit ɗin akuya, ita akuyar tana gidana tana cin dusa, kowa kuma na iya zuwa ya tatse ta?"

Ɗalibin ya ce kusan haka ne. Daga wannan maganar aka fara bidiyoyin.

Ba su yanko ko daƙiƙa ɗaya daga wani fim ba. Da kansu suka fito, a bayan shago da cikin gonar riɗi da aka girbe, suna kwaikwayon irin labaran da duk mai shekaru talatin a garin ya haddace. Na farko shi ne na 'yan'uwa biyu da suka ɓace wa juna a cunkoson kasuwa tun suna yara. A tsofaffin fina-finan Indiya, bayan shekara ashirin sai su gane juna da rabin sarƙa ko waƙar da uwarsu ke rera musu. A nasu, uwar kafin ta cika ta raba musu kalmomi goma sha biyu na buɗe walet, kowa shida. Suna tsaka da dambe, ɗaya ya shaƙe ɗaya, sai na ƙasa ya fara karanto nasa shidan cikin kuka, na sama ya saki wuyansa ya ƙarasa sauran. Suka rungume juna, tela na rera kukan uwa daga bayan danga, aka buɗe walet ɗin aka tarar da hoton jaki ɗaya.

Na biyu ya ɗauko attajirin tsofaffin fina-finan Hausa, mai babbar riga da carbi, wanda ba ya ba talaka 'yarsa. Saurayi ya zo da lefe a waya: hoton akwati shida, kowanne da lambarsa, ya rantse duk duniya shi kaɗai ya mallake su. Alhaji ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce madalla, an ba shi. Sai ya tura masa hoton amarya ta Bluetooth, ya ce ita kuma tana ɗakin uwarta, Allah ya ba da zaman lafiya. Wannan ya fi na farko yawo. Mata ma sun karɓe shi a cikin gidaje, don zancen lefe ba sai an yi wa kowa fashin baƙi ba.

Abin da ya sa barkwancin ya ci, a ganina, shi ne sun gane cewa mai kallo ba ya dariya sai ya riƙe abu biyu a lokaci guda, tsohon da ya sani da sabon da ake yi wa ba'a. Mutumin ƙauyen bai san bulokcen ba, amma ya san rabin sarƙa, ya san Alhaji mai carbi, kuma ya san zafin Hamster a jikin ɗansa. Ba baƙon abu suka kawo ba. Tun kafin waya, 'yan kama ke bin kasuwanni suna ɗaukar waƙar babban makaɗi ko karatun malami, su bar karin yadda yake, su mayar da zancen kan tuwo da miya da man shanu. 'Yan bandiri a Kano sun daɗe suna ɗora begen Annabi a kan karin waƙoƙin fina-finan Indiya. Yaran tashe ma a watan azumi kwaikwayon manya suke yi ana ba su hatsi. Samarin nan kan wannan turbar suka hau, sai dai su maimakon tuwo sun samu rasit.

Na uku shi ne ya kai su zaure.

A yankin an yi wani makaɗin noma da ya rasu shekaru da yawa da suka wuce. Bai yi suna a rediyo ba, amma daga nan har bakin iyaka ba a gayya ba tare da gangarsa ba. Kaset ɗaya aka sani nasa, wani mai sayar da kaset a kasuwa ne ya ɗauka da rikoda a wurin wata gayya, har ana jin ihun manoma da kukan tumaki a ciki. Kwafin yana kwamfutar shagon caji. Mai shagon ya yanko wurin da ganga ke tafiya ita kaɗai babu waƙa, ya maimaita shi, tela ya hau kai da muryar marigayin sak, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya ɗauki baiti. Inda marigayin ke kirarin jarumin da rana ba ta kora daga kunya, tela ya ce:

Sarkin noma na kan katifa,
Ɗan yatsa ne garmarsa,
Bai san rana ba, bai san raɓa ba,
Rumbunsa na cikin batir,
In caji ya ƙare an shiga yunwa.

'Yan amshi suna cewa, "Danna, danna, ɗan malam, biri ya yi tsada." A bidiyon ɗan acaɓa ne kwance a kan buhunan da babu komai a ciki, ya naɗa rawani da wayar caji.

Tsofaffi suka fi kowa son wannan. Akwai dattijon da ya sa jikansa ya kunna masa har batir ya mutu, yana dariya yana share hawaye, don muryar ta dawo masa da gayyar da ya yi yana saurayi. Shi kansa ɗan marigayin, wanda ya gaji gangar kuma ya haura hamsin, an ce ya gani ya yi murmushi ya ce yara ba su da ta ido. Har zuwa nan babu wanda ya ji an taɓa masa haƙƙi.

Wan mai shago ya zo gida wani biki ya ga yadda ake rububin bidiyoyin. Shi yana da walet, ya taɓa saye da sayarwar kirifto, sai ya ce me zai hana a mayar da wasan gaske. Sauran suka ɗauka ci gaban barkwancin ne, suka ce ya je ya sayar, in an samu miliyan a sayo musu birin. Da ya koma Kano sai ya buɗe shafi a OpenSea, kasuwar NFT ta intanet, ya ɗora bidiyoyin uku a kan bulokcen ɗin Polygon inda ladan rubutawa ba shi da yawa, ya rubuta da Turanci cewa aikin asali ne na matasan karkarar Afirka. Sunan marigayin bai fito ko'ina ba. Sunayen samarin huɗu ma ba su fito ba, kuma walet ɗin nasa ne shi kaɗai.

Ya zo kasuwa ne bayan ta watse. Cinikin NFT ya faɗi warwas tun 2022, 'yan tsirarun da suka rage kuma ba bidiyon Hausa suke nema ba. Biyu ba su sami ko mai taya ba. Na kiɗan noman ne wani ɗan ƙasar Haɗeja da ke karatu a Malesiya ya saya, bayan ya gani a wani zauren WhatsApp. Babban Bankin Najeriya ya janye a Disamba 2023 umarnin da ya bayar a Fabrairu 2021 na hana bankuna taɓa harkar kirifto, amma mai ɗan ƙaramin kuɗi har yanzu ta hannun 'yan canjin intanet yake bi, kowa kuma da ladansa. Abin da ya iso hannu a naira bai kai kuɗin buhun gero ba. Wan ya tura wa ƙanensa rabi ya ce su sha shayi.

Labari kuwa da ya bar shagon caji sai ya fara ƙiba. A majalisar mai shayi an ce an sayar da waƙar a ƙasar waje. A kasuwar Alhamis ta zama an sayar wa Turawa da dala. Kafin ta isa kunnen ɗan marigayin, miliyoyi ne, kuma wai an yi rajistar gangar ubansa da sunan wani yaro a Kano, nan gaba ko shi in ya buga sai ya biya. Washegari da hantsi ya tafi gidan mai gari.

An zauna bayan la'asar a zauren mai gari, da liman da dattawa uku. Aka kira wan daga Kano, ya zo yana ɗaure fuska.

Ɗan marigayin ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban hana yara wasa ba. Ina yaro 'yan kama sun juya waƙar Baba a gabansa a kasuwa, suka mayar da ita ta ɗanwake, ya yi dariya ya ba su goro. Amma su da bakinsu suka yi, kuma da kasuwa ta tashi magana ta ƙare. Wannan gangar da ke ƙarƙashin muryar yaron nan hannun Baba ne. Na san bugunsa ko ina barci. Da izinin wa aka kai shi kasuwa?"

Wan ya ce, "Kawu, wallahi ba waƙar aka sayar ba. Lamba ce kawai. Waƙarku tana nan, ba wanda ya taɓa ta."

Mai gari ya dube shi ya ce, "To kai yaro, in ba a sayar da komai ba, kuɗin mene ne ka karɓa?"

Bai sami amsa ba, kuma ban ga laifinsa ba, don tambayar ta gagari manyan lauyoyi a Amurka. A Nuwamba 2021 kamfanin Miramax ya maka darakta Quentin Tarantino a kotu saboda shirinsa na sayar da NFT na rubutun wani tsohon fim ɗinsa, ana jayayya kan ko haƙƙin da ya rage a hannunsa ya haɗa da wannan. Sai a Satumba 2022 suka sasanta a waje. A Fabrairu 2023 kuma masu taya alƙali hukunci a New York suka ba kamfanin Hermès gaskiya a kan wani mai zane da ya sayar da NFT na hotunan jakunkunan da ke kwaikwayon nasu, duk da ya ce fasaha ce da sharhi yake yi, aka ci shi tarar dala 133,000. Waccan shari'ar ta tambarin kasuwanci ce, amma ta nuna cewa in kuɗi ya shigo, "ai wasa nake" ba ya isa kariya.

Ɗalibin ne ya sa aka ga allon wayar, aka karanta ainihin abin da aka samu. Zauren ya yi tsit, sannan wani dattijo ya fashe da dariya ya ce a kan wannan aka hana shi zuwa ban-ruwan albasa. Fuskar ɗan marigayin ta sauya. Ya zo da shirin karɓar miliyoyi ko ƙwato gangar ubansa, ya tarar babu miliyoyin, gangar kuma ba wanda ya ƙwace. Duk da haka bai janye ba, kuma a nan na fi ganin girmansa. Ya ce ko sisi ne, a rubuta sunan mai ganga.

In aka auna da dokar ƙasa, abubuwa uku ne a cikin bidiyon, kowanne da mai shi. Akwai kari da baitocin marigayin, waɗanda Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, da aka sa wa hannu a Maris 2023, ke karewa tsawon rayuwar mai su da shekara 70 bayan rasuwarsa. Akwai sautin da aka naɗa a kaset, wanda haƙƙinsa daban ne. Akwai kuma sababbin baitocin tela da wasan ɗan acaɓa, waɗanda nasu ne. Dokar ta ambaci kwaikwayon ba'a da zambo a cikin abubuwan da aka yarda a yi da aikin wani ba tare da izini ba, amma ta ce a duba manufar amfanin, da yawan abin da aka ɗiba, da illarsa ga kasuwar aikin asali. Tela da ya ari karin ya ɗora nasa zancen yana da madogara mai ƙarfi. Yanko ainihin bugun marigayin a sa a ƙarƙashi ya fi rauni, kai shi kasuwa da sunan aikin asali kuma ya ƙara raunana shi. Shi kuwa ɗalibin Malesiya bai mallaki ko ɗaya daga cikin ukun ba, domin a dokar Najeriya ba a miƙa haƙƙin mallaka sai a rubuce, kuma babu wanda ya rubuta masa komai. Lambar kawai ya saya.

Wani abu da ba wanda ya tayar a zauren shi ne sana'ar shagon kanta. Turin fina-finai a memori kwafi ne ba da izini ba, kuma masu shirya fina-finan Kano sun daɗe suna kuka da shi, yana cikin abin da ya kashe kasuwar faifai ya tura su YouTube. Amma memorin mai gari ma a can ake cika shi, don haka aka bar kaza cikin gashinta.

Ɗalibin ya kawo shawarar a raba biyu. Ya kafa hujja da Adisa Olashile, mai ɗaukar hoton da a 2022, yana yi wa ƙasa hidima, ya ɗauki wani tsohon makaɗi a Ibadan, ya sayar da hotunan a matsayin NFT, ya koma ya ba tsohon rabin kuɗin. Mai gari ya ce wannan ya yi. Sai liman ya gyara zama.

Ya ce shi ba zai shiga hukuncin kirifto ba, malamai sun saɓa a kai, kuma sayar da abin da mai saye bai san me ya saya ba akwai magana a cikinsa. Amma in har an yarda waƙar nan dukiya ce da ake biya dominta, to ta zama gado. Marigayin ya bar mata ɗaya a raye, da 'ya'ya maza biyu, da mata huɗu da ke aure a ƙauyuka daban-daban. Ba wanda zai karɓi rabin nan shi kaɗai don kawai ganga na ɗakinsa.

Ɗan marigayin ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ni na gaji sana'ar."

Liman ya ce, "Sana'ar ka gada, ba wanda ya yi maka jayayya. Wannan kuwa kuɗi ne."

Aka aika a sanar da tsohuwar. Maimakon ta aiko da amsa sai ta yafo mayafi ta zo da kanta, don ta wuce shekarun jin nauyin zaure. Aka kunna mata bidiyon. Ta saurara, ta ce yaron ya iya, har tarin. Sannan ta ce amshin nan da ake ta rigima a kai, Malam bai ƙirƙire shi ba. Waƙar daɓe ce ta matan garinsu, ita ta zo da ita gidan tana amarya, ya ji tana yi ya ɗauka ya sa wa ganga. In biya za a yi, a fara da matan da suka daɓe ɗakin kakarta.

Wannan magana ta sauke kowa. Dokar ma ta san da irin wannan, tana da sashe na musamman kan fasahar gargajiya da al'umma ta gada, wanda ya sa kula da ita a hannun Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, ba hannun mutum ɗaya ba. Amma ban ɗauki zancen tsohuwar a matsayin wanke wan mai shago ba. Marigayin ya ari amshi a gidansa, a gaban mai shi, ya mayar wa mutanen da suka san asalinsa, kuma bai taɓa cewa kada wani ya rera ba. Tela ma haka ya yi. Wan shi ne mutum na farko a wannan jerin da ya rubuta "nawa ne" a wurin da ba a gogewa, ya kuma cire sunan kowa. Laifin samarin huɗu ƙarami ne: sun yi wa rasit ɗin akuya dariya wata da watanni, da aka ce za a yanka musu nasu ba wanda ya tambayi akuyar wa za a rubuta.

Hukuncin mai gari bai yi tsawo ba. A haɗa kuɗin gaba ɗaya, har wanda aka sha shayi da shi, a kai wa tsohuwar ta yi sadaka ga marigayin, magada suka amince. A sauke bidiyon daga kasuwa. Kada a ƙara sa kaset ɗin a ƙarƙashin wani wasa sai an tambayi gidan. Kwaikwayo da baki kuwa ba wanda ya hana.

Sashe na biyu ne ya ba da wahala. Wan ya sauke biyun da ba a saya ba a gaban kowa. Na ukun ya riga ya bar hannunsa, wanda ke riƙe da shi ne kaɗai zai iya ƙona shi, wato ya tura shi adireshin da ba mai iya buɗewa, kuma ko an yi haka tarihin cinikin na nan a kundin. Da aka yi wa mai gari wannan bayani sai ya ce bai taɓa jin ciniki marar iƙala ba sai yau. Aka nemi ɗalibin Malesiya a waya. Ya ce shi bai san akwai rigima ba, kiɗan gida ya ji ya saya don ya taimaka wa yaran. Ya yarda ba zai sayar wa kowa ba, ya ƙi ƙonawa, ya kuma roƙi a turo masa kaset ɗin asali gaba ɗaya, zai biya. Bidiyon kansa kuwa yana cikin memorin direbobi da 'yan kasuwa daga Gumel har tsallaken iyaka, ba wanda ya yi ko zancen dawo da shi.

Roƙon nan na kaset ya buɗe wata sabuwar magana a gidan marigayin. Ƙanen wanda ya gaji gangar yana son a tura a karɓi kuɗin, a kuma ɗora kaset ɗin a YouTube da sunan mahaifinsu. Babban ya ce ba za a ɗora ba sai an san a hannun wa shafin zai zauna, tunda ya ga abin da walet ɗin mutum ɗaya ya haifar. Biyu daga cikin matan sun aiko cewa a sa da su a duk abin da za a yanke. Har yanzu ba a tura ba.

Samarin sun sake ɗaukar waƙar sarkin noman katifa bayan sallah, wannan karon da ɗan marigayin zaune a kan turmi yana buga musu ganga da hannunsa, suka biya shi kuɗin kiɗa kamar yadda ake biyansa a gayya, aka rubuta sunan mahaifinsa a farkon bidiyon. Sautin ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Sai dai bai yi yawon na farko ba, don zuwa lokacin zancen biri da Hamster ya tsufa a garin, ana ta tsadar taki da cajin masu POS. Tela ya riga ya fara juya wata waƙar aure ta zama ta mai POS da netwok ya ɗauke masa ranar kasuwa, kuma ya je gidan mai waƙar da goro kafin ya fara. Wan mai shago bai zo ƙaramar sallah ba, ya aiko da uzurin kasuwa.